Koke kan Gyaran Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, Kano

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma, mu magina na gargajiya da masu kishin tarihin Kano muna roƙon Sarki ya sa baki a yadda za a riƙa gyaran Gidan Ɗan Hausa.

A nan ne Hanns Vischer, Baturen da Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a 1909. Wancan zamani wurin karkara ne, bayan ganuwa, gonaki kewaye da shi. Bature ne a ciki, amma ginin namu ne: tubalin ƙasa, azarar giginya, bakan gizo, zankwaye a kan rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye saman soro.

Babban tsoronmu siminti ne. Bangon ƙasa yana shan laima ya fitar da ita. In aka shafe shi da siminti, da zarar ya tsage ruwa zai shiga ta baya ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe ta ciki, waje kuwa sumul. Ranar da ɓawon zai ɓalle, da naman bangon zai tafi. Fentin mai ma haka yake yi, sai dai a hankali.

Abin da ginin ke so sananne ne. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta kwanaki ana ba ta ruwa ana tattakawa har ta ruɓa, sannan a yi yaɓe. A bi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Rufin soro da bakin rawani kuwa sai laso, shafen gargajiya mai hana ruwa shiga: katsi (abin da ke kwanta a ƙasan ramin rini) daga marina, gashin jima daga majema, da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. Har yau ana rini a Ƙofar Mata, don haka katsi bai gagara ba. Azarar da ta ruɓe kada a musanya ta da katako, gara za ta cinye shi. Kuma azara ba ta son tazarar da ta wuce ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ya sa magabata suka yi bakan gizo.

Indararo ƙaramin abu ne, amma in ya toshe ruwa ya kwana a kan soro, nan ɓarna take farawa.

Muna roƙo, ranka ya daɗe, a riƙa yin yaɓe duk shekara kafin ruwan farko ya sauka, kada a jira watan Agusta. Kada kuma a taɓa ginin sai da Sarkin Magina a wurin, a haɗa shi da matasa su koyi haɗin laso, domin masu iya shi sun tsufa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne talakawan Sarki,
Magina da masu kishin tarihin Kano