Ɗamarar da ke leƙen huhu: da ƙirjin wa ta yi karatu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina so in tofa albarkacin bakina kan labarin da kuka kawo a filin kiwon lafiya, na ɗamarar nan da ake ɗaura wa majinyaci a ƙirji ta nuna huhunsa yana kwance a gadonsa, wadda kuka ce ƙirƙirarriyar basira ta gyara ta har ta kusa maye gurbin sikana, wato babbar na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki. Ni ba likita ba ne. Ƙuruciyata ta ƙare ne wajen jan waya a daji tare da masu neman inda za a haƙa foraj, daga ƙasar Mirya har Tanut. Da na ji bayaninku sai na yi dariya ni kaɗai, don sana'armu ce aka tsame daga ƙasa aka ɗora a jikin ɗan Adam.

Mu turakun ƙarfe muke kafawa a jere, mu tura lantarki ta biyun gefe, mu auna abin da ya iso biyun tsakiya. Dutse yana tare wuta, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ba ta hanya. In bazara ta yi bazara yashi ya bushe ƙayau, sai mun kwarara ruwan gishiri a gindin kowane turke kafin na'ura ta yarda ta yi magana. Wani Bafaranshe, Conrad Schlumberger, shi ya fara gwada dabarar tun 1912. Ɗamarar asibiti ma haka take: ƴan maɓallai 16, wata 32, kewaye da ƙirji, a tura wuta ƴar mitsitsiya wadda jiki ba ya ji ta guda biyu, a auna ta sauran, a gusa gaba har a zagayo. Jini yana ba wuta hanya, iska tana tare ta, shi ya sa kowane jan numfashi yake sauya awon. David Barber da Brian Brown suka haɗa irinta a Shefil ta Ingila a farkon shekarun 1980, kamfanin Dräger na Jamus kuma ya fito da tasa, PulmoVista 500, a 2011. Tana iya ba da hoto har 50 a daƙiƙa guda, kuma babu hasken nan mai illa irin na sikana da hoton ƙashi, wanda mu nan muke ce wa radiyo.

Amma hoton nata dishi-dishi ne, kuma ba banza ba. Hasken radiyo miƙewa yake yi kamar kibiya, lantarki kuwa halin ruwan sama gare shi, inda ya ga gangare nan ya nufa. Zagaye ɗaya na maɓallai 16 lamba 208 kacal yake bayarwa, da su ake so a zana duk abin da ƙirji ya ƙunsa. Gumi ya tsattsafo ko maɓalli ya ɗan zame, sai ƙaramin kuskure ya zama ƙaton tabo a hoto. Masanin lissafi ɗan Ajantina, Alberto Calderón, wanda ya taɓa aikin injiniya a kamfanin man ƙasarsu, ya wallafa wannan matsala a 1980, har yau da sunansa ake kiran ta. Mu a daji da busasshen rami muka san ta.

Akwai wani ƙauye da awo ya nuna mana wuta tana wucewa salin-alin can ƙasa. Muka ce ruwa ne. Mai gari ya yanka akuya, mata suka jera jarkoki tun motar haƙa ba ta gama kafa ƙafa ba. Aka haƙa, aka haƙa, sai yumɓu. Ashe shi ma yana ba wuta hanya kamar ruwa. Wani dattijo a cikinmu ya dubi takardar tun kafin a soma ya girgiza kai, ba wanda ya saurare shi. Lambobin da muka gani su ya gani. Abin da ya fi mu, ya tsaya a bakin ramuka ba adadi a ƙasar Damagaram, ya san halin dutsenta.

To, wannan dattijo ake son a gina cikin kwamfuta. Ana shirya mata wani tsari da aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo, a yi ta nuna mata misalai dubbai, ga awo ga abin da ke ciki, tana kuskure ana gyara mata har ta iya. A 2018 Sarah Hamilton da Andreas Hauptmann sun wallafa aikin da suka kira Deep D-bar: lissafi ya fara fitar da hotonsa mai hazo, sannan kwamfutar ta bi ta fito da gefunan abubuwa sarai. Ci gaba ne, ban musa ba. Abin da ba ku faɗa ba shi ne, misalan da aka koyar da ita da su kwamfuta ce ta ƙago su, gwajin kuma a cikin baho na ruwan gishiri aka yi shi, da wasu curarrun abubuwa a madadin huhu da zuciya.

Nan ne hankalina bai kwanta ba, Malam Edita. Hoto mai hazo ba ya ruɗin kowa, likita na ganinsa zai taka sannu. Hoto tsaf kuwa, ko ƙarya ne, gaskata shi ake yi. Kwamfutar da ta saba da wani irin huhu tana iya zana abin da ta saba gani a inda babu shi. Na ga ƙwararrun da suka yi suna a ƙasar yashi, suka zo nan dutse ya ba su kunya. Siffar ƙirji ma tana cikin lissafin nan. Ƙirjin ƙaton Bature da ke kan injin numfashi daban, na yaron da tamowa ta tsotse, irin waɗanda ake kwantarwa a Magarya kowace damina, daban.

Kada a ɗauka ƙin abin nake yi. Bara da hunturu, ƙura ta turnuƙe gari, jikata ta kamu da limoniya. Kwana huɗu ina bakin gado ina ƙirga numfashinta da agogon hannu, ina kallon yadda ƙasan haƙarƙarinta ke lotsawa in ta ja iska. Ta tashi, alhamdu lillahi, ma'aikatan jinya sun yi iya yinsu. Amma da akwai abin da zai nuna musu da tsakar dare cewa gefe ɗaya ya rage karɓar iska, ba sai an ɗaga ta an kai wani ɗaki ba, wallahi da na so. Aikin ɗamarar ke nan, gadi. Ba za ta gaya maka tarin fuka ne ko ciwon daji ba. Wannan sai awon majina, sai radiyo, sai sikana. Don haka maganar maye gurbi a ajiye ta.

Roƙona, ku gayyato malamin lissafi ko na kwamfuta daga Jami'ar André Salifou, ku haɗa shi da likitan yara a fili ɗaya, ku tambaye su: da ƙirjin wa za a koyar da kwamfutar, yaya ɗamarar za ta yi da gumin watan Afrilu, yaya kuma in an ɗauke wuta? Akwai manhajar EIDORS ta irin wannan lissafi, kyauta take a intanet. Ɗalibanmu za su iya somawa da ita, da baho, da gishirin dala goma, da maɓallai 16. In sun rasa mai jan waya da dama ruwan gishiri, ina nan unguwar Birni, hannuna bai manta ba.

Naka,
Tsohon ma'aikacin neman ruwa, Zinder