Yadda za a gane nagartar ƙaramar cibiyar jinyar masu ciwon ajali

Assalamu alaikum Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi bayani a kan wani ɓangare na aikin lafiya da ba a cika waiwayarsa ba sai ya shigo wa mutum gida, wato jinyar wanda likitoci suka tabbatar cutarsa ta fi ƙarfin magani. Cibiyoyin da ke wannan aiki, waɗanda ake kira hosfis, da yawansu ƙanana ne: likita ɗaya mai leƙowa wasu ranaku, nas uku ko huɗu, 'yan sa-kai, mota ɗaya. Wasu suna da gadaje kaɗan, wasu kuma gida-gida suke bi. Iyali kan iso musu a gajiye, hankali a tashe, ba su san abin da za su tambaya ba, sai su auna wurin da kyan gini da fara'ar mai tarbar baƙi. Ma'aunin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: idan ciwo ya taso wa majinyaci da ƙarfe biyun dare, me zai faru, cikin minti nawa, kuma a hannun wa?

Ilimin wannan aiki ya daɗe da zaunawa. Likitar Birtaniya Cicely Saunders ta buɗe hosfis ɗin St Christopher's a Landan a 1967, ita ce kuma ta koyar da cewa ciwon mai shirin barin duniya ya haɗa jiki da zuciya da damuwar iyali da ta ruhi. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin raɗaɗin ciwon daji mai hawa uku, daga irin su farasitamol, zuwa irin su kodin, zuwa mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda da ɗan abin hannu, ta nuna cewa ruwan mofin na sha mai sauƙin kuɗi ya isa ya kwantar da mafi yawan raɗaɗin ciwon daji a gida. Duk da haka, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna kusan mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa kowace shekara, kuma kashi 14 cikin 100 kacal ke samu. Saboda haka ƙanƙantar cibiya ba hujja ba ce ta yin aiki rabi da rabi, tunda an ga ƙanana sun yi shi yadda ya kamata.

Mu fara da ciwo, domin a nan ake fi yin kuskure. Cibiyar kirki tana auna ciwo a kowace ziyara, ta ce wa majinyaci ya ba shi maki daga 0 zuwa 10, ko ya nuna da yatsun hannu daga 0 zuwa 5, ta rubuta, ta kuma tambayi irinsa: suka ne, ko zafi kamar wuta, ko nauyi a ƙashi? Wannan tambaya tana da muhimmanci, don ciwon jijiya mai zafi kamar wuta bai cika jin mofin shi kaɗai ba, sai an haɗa da irin su amitiriftilin ko gabafentin. Mofin na sha mai saurin aiki kuwa awa huɗu yake yi a jiki, don haka bisa agogo ake ba da shi, duk bayan awa huɗu, ko akwai ciwo a lokacin ko babu. Wanda aka ce ya jira sai ciwo ya dawo kafin ya sha, zai yi ta hawa da sauka tsakanin azaba da magagi, kuma a ƙarshe maganin da zai buƙata ya fi yawa.

Ga misalin lissafin, wanda likita ko nas mai izini ne ke yanke shi. Idan majinyaci yana shan miligiram 5 duk awa huɗu, a yini da dare ya sha 30. Ana ware masa kashi ɗaya cikin shida na wannan jimla, wato miligiram 5, a matsayin ƙari idan ciwo ya ɓullo a tsakani. Idan ya nemi ƙarin sau uku, jimlar ranar ta zama 45, sai a raba gida shida, gobe ya koma 7.5 duk awa huɗu. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai iyali suna da takarda a gefen gado da suke rubuta kowane sha da lokacinsa. Cibiyar da ba ta ba da wannan takarda ba, da ka take gyara magani.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne rikita ƙarfin ruwan mofin. Akwai mai miligiram 1 a kowace mililita, akwai mai miligiram 10. Idan aka canza wa iyali kwalba ba a zauna an nuna musu ba, suka ɗebi yawan da suka saba, majinyaci zai sha ninki goma. Dole a rubuta wa iyali adadin a mililita, a ba su sirinjin awo maimakon cokali, a sa mai jinya ya ɗeba a gaban nas har sau biyu. A kuma faɗa musu alamomin magani ya yi yawa: barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi, fizgar gaɓoɓi, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sauka ƙasa da takwas a minti. Wannan ya fi samun wanda ƙodarsa ta yi rauni, domin ita ke fitar da ragowar maganin, shi ya sa ake rage wa irinsa ko a tsawaita tazara. Nas ɗin da ke kan aiki ta kasance tana da naloson, maganin da ke warware shi, ta kuma san yadda ake ba da shi kaɗan-kaɗan don kada ciwo ya dawo gaba ɗaya.

Sai yankewar magani, wadda ita ce babbar cutar ƙananan cibiyoyi. Wanda ke shan kimanin miligiram 60 a rana na mai ƙarfin miligiram 1, kwalbar mililita 500 kwana takwas za ta yi masa. Ya kamata nas ta san ranar ƙarewar tun ranar da ta miƙa kwalbar, ta kawo sabuwa saura kwana biyu ko uku. Idan ya yanke kwatsam, ciwo zai dawo, ga gumi da murɗar ciki da gudawa a kai. Ku tambayi cibiya ajiyar wata nawa take da ita, wa ke riƙe da makullin kabad ɗin, kuma ko mutum biyu ne ke sa hannu a rajista duk lokacin da aka fitar. Masu aikin gaskiya ba sa jin haushin wannan tambaya.

Kusan duk mai shan mofin bayan gidansa zai yi tauri, kuma jiki ba ya sabawa da wannan kamar yadda yake sabawa da tashin zuciya da gyangyaɗin kwanakin farko. Don haka maganin sassauta ciki, irin su sena ko bisakodil, tare da mofin ake fara shi rana ɗaya. Idan aka yi sakaci, bayan gida ya daskare a hanji, ruwa ya riƙa zagayowa ta gefe yana fita, iyali su ɗauka gudawa ce su ba da maganin tsayar da ita, abin ya ƙara muni. Nas ɗin da ta san aikinta takan tambayi ranar da aka yi bayan gida na ƙarshe a kowace ziyara, in ya wuce kwana uku ta duba da kanta. Haka ma majinyacin da ya rikice yana ta juyi a gado, kafin a yi masa allurar barci a taɓa mararsa, domin sau da yawa fitsari ne ya taru ya ƙi fita, robar fitsari kawai yake buƙata.

Mu koma kan daren nan. Lambar waya ɗaya ce ya kamata a ba iyali, mai aiki awa 24, kuma wanda zai ɗauka ya zama ma'aikacin lafiya da ke da bayanan majinyacin a hannu. A faɗa musu tun farko cikin minti nawa za a amsa, da kuma iyakar nisan da za a iya zuwa da dare. Gara a ce musu ba ma iya zuwa bayan ƙarfe kaza amma za mu yi muku jagora ta waya, da a yi alkawarin da ba za a cika ba. Idan aka ga majinyaci ya fara kasa haɗiya, a ajiye allurai a gidan tun kafin a buƙace su, na ciwo da sarƙewar numfashi, na amai, na firgici, da na majina. Ana yin su ne a ƙarƙashin fata, kuma adadin mofin na allura wajen rabin na sha ne, wani wurin da lissafi kan kuɓuce wa wanda bai ƙware ba.

Fata kan tona asirin jinya. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi kusan duk awa biyu, a karkata shi kaɗan da matashi a bayansa, a ɗaga diddigensa kada su taɓa katifa, a kuma ɗaga shi da zanin gado tsakanin mutum biyu maimakon jan sa. Kullum a duba ƙasan baya da kwankwaso da diddige. Inda ya yi ja ko ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi da tauri, kuma launin bai canza ba da aka danna, gyambon kwanciya ya fara ke nan, kuma murza wurin ƙara ɓata shi yake yi. Gyambon daji mai wari kuwa, wanda ke sa 'yan uwa su ƙaurace wa ɗakin, ana daka ƙwayar metronidazol a barbaɗa bayan an wanke, cikin 'yan kwanaki warin ya ragu sosai. Baki ma a riƙa jiƙa shi da tsumma mai tsabta, a leƙa ko akwai farin kumfa a harshe, domin shi kaɗai kan hana mutum ci da sha, maganinsa kuma mai sauƙi ne.

Ƙaramar cibiya tilas ta san iyakarta. Mai ciwon daji da ya fara sabon ciwon baya mai zagaye ƙirji ko ciki, ƙafafu suka yi nauyi, fitsari ya fara kuɓuce masa, wataƙila ƙari ne ke danne lakarsa. Wannan na gaggawa ne, ana fara desametason, maganin rage kumburi, a tura shi babban asibiti a ranar, domin wanda ya isa yana iya takawa ya fi samun damar ci gaba da takawa. Ku tambaya wane asibiti suke da yarjejeniya da shi, kuma wa ke kiran can kafin a isa.

A kwanakin ƙarshe jiki yakan daina neman abinci, iyali kuma su ga kamar yunwa suke barin nasu da ita. Wajibi ne a zauna da su a yi musu bayani cewa cutar ce ta kawo rashin cin, ɗura kuma kan sa abinci ya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Ƙarin ruwa da yawa ta jijiya a wannan lokaci kan taru a huhu da ƙafafu. Kakarin da ake ji a maƙogwaro majina ce da ya kasa haɗiyewa, a kwantar da shi ta gefe, in ya cancanta a yi allurar hayosin mai rage majina, a bar zura bututu can ciki ana zuƙa. Duk wannan a faɗe shi kafin ya faru, da harshen da suke ji, a wurin da za su iya kuka. Shi ma majinyaci, tun yana da ƙarfin magana, a tambaye shi nawa yake so ya sani, ina yake so ya ƙarasa kwanakinsa, wa yake so ya yanke shawara a madadinsa, wane malamin addini yake so a kira masa, a rubuta, a girmama.

Amfanin ƙaramar cibiya shi ne fuska ɗaya iyali ke gani, ba sai sun maimaita labari ga sabon mutum kullum ba. Rauninta ma daga nan yake, domin idan nas ɗaya ta kwanta ciwo ko ta ajiye aiki, komai na iya tsayawa. A tambaya majinyata nawa ke hannun kowace nas, wa ke maye gurbinta ranar hutunta, ko ma'aikata suna zama duk mako su bi bayanan kowane majinyaci ɗaya bayan ɗaya, da kuma wurin kai ƙorafi wanda ba hannun wanda ake ƙorafi a kansa zai faɗa ba. Kuɗi ma a rubuta shi a takarda tun ranar farko, abin da ke ciki da abin da iyali za su saya da kansu.

Muna kira ga hukumomin da ke ba irin waɗannan cibiyoyi lasisi da su riƙa duba rajistar magani da takardun awon ciwo da littafin kiran dare idan sun je bincike, su kuma sauƙaƙa hanyar samun mofin ga cibiyar da ta cika sharuɗɗa. Bayan rasuwa ma da sauran aiki a kan cibiya: ta karɓo ragowar mofin da allurai daga gidan, ta ƙirga ta shigar a rajista don kada su faɗa hannun yaro ko mai shaye-shaye, sannan ta sake tuntuɓar wanda ya yi jinyar bayan makonni, lokacin da jama'a suka watse, ta ji ko yana samun barci, yana cin abinci, ko kuwa yana buƙatar a haɗa shi da likita.

Mun gode da ba mu wannan fili.

Daga wasu likitoci da nas-nas masu aikin jinyar masu ciwon ajali.