Sanarwa ga Ƴan Rukuni Kan Kula da Sarƙar Keke

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ganin hunturu ya kankama a Gusau kuma ƙura ta yi yawa, na ga ya dace in tunatar da mu game da sarƙar keke, musamman masu bin hanyar Ƙauran Namoda kullum.

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne zuba baƙin mai a kan sarƙa mai datti, alhali kuwa idan mai ya haɗu da yashi sai ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, ya riƙa cin sarƙar da haƙoran da take hawa. A fara goge ta da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir, a tsane ta da tsumma har ta bushe sarai. Daga nan a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa ana juya feda baya a hankali, a jira ƴan mintuna ya shiga ciki, sannan a share na waje duka, domin wanda ya rage a sama ƙura kawai yake tarawa. Ni dai ban yarda da man gyaɗa ba, saboda yana yin danƙo. A kuma kiyaye kada mai ya taɓa inda birki ke kamawa.

Mai son sanin ko sarƙarsa ta ƙare ya auna gaɓa 24 daga ƙusa zuwa ƙusa. Sabuwa inci 12 take cif; idan ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, a canza ta.

Allah ya kiyaye hanya.