A daina zuba ruwan batir a bututun bindiga

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da mafarauta da 'yan sa-kai masu bindiga da lasisi, domin abin da na gani makon jiya ya tsaya min a rai. Wani dattijo maharbi a unguwarmu ya kawo min bindigarsa wai saiti ya lalace, na cire harsashi na ɗaga bututun na leƙa ta hasken rana, wallahi cikin duk ya yi ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Na ce Baba me ya samu wannan, ya ce ai wani yaro ne ya ce akwai jan ƙarfe maƙale a ciki, ya toshe bakin ya zuba ruwan batir ya bar shi ya kwana, da safe kuma ya bi da samfefa.

Yaron bai yi ƙarya ba kan jan ƙarfen, yana taruwa kam. Harsashin raifil dalma ce aka yi wa riga ta tagulla, wato jan ƙarfen, to duk harbi ɗaya zafi da gogayya suna sa rigar ta bar shafe-shafe a kan layukan nan masu murɗewa da ke juya harsashi, a hankali sai saiti ya fara kaucewa. Amma maganinsa ba asid irin ruwan batir ba ne, asid ƙarfen bututun kansa yake ci. Ruwan wanke bindiga mai amoniya ake sa wa a tsumma a tura da sanda daga baya zuwa baki, a jira kamar minti 10 kar ya wuce 15, a sake tura busasshen tsumma, za ka ga ya fito shuɗi-shuɗi, to tagullar ke nan ta narke, haka za ka yi ta yi har tsumma ya fito fari sannan a shafa mai kaɗan. Kuma a sa burushin roba, don na tagulla shi ma narkewa yake yi ya yi ta ba ka shuɗi kana zaton aiki bai ƙare ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ma masu kankare kurom ne, wato wani ƙarfe mai ƙyalli. Wasu bindigogin tun daga masana'anta ake shafe cikin bututunsu da kurom don kar ya yi tsatsa, wannan ƙyallin ba datti ba ne, da gangan aka yi shi. Sojojin Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu a yaƙin Biyetnam da bindigar M16 ta farko da ba a yi wa mazaunin harsashinta kurom ba, ga damshi ga albarushi mai datti, kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar faɗa har majalisarsu ta yi bincike a 1967, daga nan aka fara sa shi. Shi ne wani zai zauna gindin bishiya da samfefa ya ce zai cire! In ka cire ma bututun ya ƙara faɗi, harsashi ya daina kama layi.

Ita kuwa bindigar toka ba ruwanta da wannan duka, tokar albarushi ce ke jawo damshi, ruwan zafi da sabulu sun isa, a busar sosai a shafa mai, haka iyayenmu suke yi.

Roƙona ga sarakunan maharba da shugabannin 'yan sa-kai, ku tara yaranku ku gayyato masu kula da ma'ajiyar makamai na 'yan sanda su nuna musu ko na yini ɗaya ne, bututun da asid ya ci yana iya tsagewa a hannun mai shi. Ta Baba dai na ce ya rataye ta kar ya ƙara harbawa, ya yi shiru yana shafa kotar, ya ce shekara talatin ke nan tana hannunsa.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin ma'ajiyar makamai, Kaduna