Cafke Shugaban Daba Ba Ya Rusa Ƙungiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk ranar da aka ce an cafke wani jagoran 'yan Kalare a nan Gombe, sai ka ji ana cewa an sare kan maciji. Ina roƙon fili in kawo tarihin ƙungiyar Mafiya ta New York a Amurka, domin a can jini ya fi kwarara ne a lokacin da aka rasa tabbas kan mai kujera.

Tun 1931 gidajen Mafiya biyar suka raba birnin. Kowane gida yana da ubangida, mataimaki, mashawarci, sai kaftin-kaftin, kowanne da yaransa. Kuɗin caca, bashi da ruwa da tatsar 'yan kasuwa daga ƙasa yake hawa: yaro ya ba kaftin kaso, kaftin ya kai wa ubangida. Iyayen gidan kuma suna da majalisar sasanci, kuma a ƙa'ida ba a taɓa ubangida sai da yardarta.

Ga inda gizo ya yi saƙa. An ɗaure Lucky Luciano, ubangidan ɗaya daga cikin gidajen, a 1936. Mataimakinsa Vito Genovese ya tsere Italiya a 1937 saboda tuhumar kisa, sai riƙon gida ya faɗa hannun Frank Costello. Da Genovese ya dawo a 1945 ya tarar riƙo ya zama mallaka. Shekara 12 yana haɗiye wannan takaici yana jan kaftin-kaftin gefensa. Ranar 2 ga Mayun 1957 aka harbi Costello a harabar benen da yake zaune, harsashi ya shafi fatar kansa kawai. Ya ƙi nuna maharbin a kotu, ya sauka daga kujera salin alin, Genovese ya haye. Ranar 25 ga Oktoba aka bindige abokin ƙawancen Costello, Albert Anastasia, ubangidan wani gidan, yana kan kujerar aski a otal ɗin Park Sheraton, mataimakinsa Carlo Gambino ya gaje shi. A lura da wanda ke cin riba kullum: na biyu a gida.

Don a tabbatar da sabon rabo aka kira taro ranar 14 ga Nuwamba a ƙauyen Apalachin. Nan suka yi wauta, manyan motoci suka cika ƙaramin ƙauye. Wani ɗan sanda, Edgar Croswell, ya sa aka tare hanya, aka kama kusan mutum 60, wasu suka antaya daji da kwat da takalman ƙwalisa. Amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin da aka yi wa wasunsu a 1960, domin zaman taro kaɗai ba laifi ba ne. Shi Genovese an yanke masa shekara 15 a 1959 kan safarar ƙwaya, ya ci gaba da juya gidan daga kurkuku.

Na san Kalare ba Mafiya ba ce, ba su da wannan tsari ko wannan dukiya. Sai dai tambayoyin ɗaya ne, kuma ya kamata jami'an tsaro su amsa su kafin kame: wa ke biye da jagoran, wa ke ba da kuɗi, wane ɓangare ne zai far wa wani idan kujera ta zama wayam? Makonnin bayan kame su suka fi buƙatar sintiri.

Amurka ba ta ci galaba ba sai da ta yi dokar RICO a 1970, wadda ta ba da damar gurfanar da ƙungiya dungurungum a ƙwace dukiyarta. Da ita aka samu shugabannin gidaje uku da laifi a 1986, aka yanke wa kowanne shekara 100. Ko a nan ma an yi wa hukuma wayo: Anthony Salerno da aka ɗaure a matsayin ubangidan gidan Genovese ajiye shi kawai aka yi don rufa ido. Mai kujerar na gaske Vincent Gigante ne, mutumin da aka tuhuma da harbin Costello a 1957 kotu ta sallame shi.

Naku mai karatu,
daga Jekadafari, Gombe.