Wasiƙa Daga Bakin Teku

Nima, Akara, Gana

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da mai ɗakinka, da yara baki ɗaya. Yaya sanyin Kano? Mu nan hunturun namu hazo ne kawai da ɗan kaushin leɓe, ba ya kai mutum ga hura wuta. Lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Na ji saƙonka, na kuma yi murna ƙwarai da sa ranar 'yarmu. Allah Ya sanya alheri, Ya nuna mana lokacin da rai da lafiya. Ka ce rigunan filon nan biyu da na buga wa ado da hatimi na aiko wa mai ɗakinka bara sun jawo magana a gidan, har amarya tana so a koya mata yadda ake yin su. Na fara yi maka bayani a waya na ga abin ba zai tsaya a kai ba, shi ya sa na zauna na rubuta, don ta riƙe takardar a gefenta lokacin da take aiki.

Bari in fara da yadda na faɗa cikin abin, don ban taɓa gaya maka ba. Ka san ɗinki ne ya kawo ni ƙasar nan, shi nake yi har gobe. Amma ranar Talata nakan rufe shago da wuri in tafi Jamestown, tsohuwar unguwar masunta 'yan ƙabilar Ga. A al'adarsu ba a shiga teku kamun kifi ranar Talata, saboda haka ran nan za ka tarar da kwale-kwale jere a kan yashi, masu su na zaune suna gyaran taru. Kowane kwale-kwale daga gungumen itace guda aka sassaƙo cikinsa, itacen da suke kira wawa, an shafe shi da fenti kala-kala, ga tutoci, ga rubuce-rubuce a jiki. Bayansu ga doguwar hasumiyar nan mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Na yi shekaru ina kallon wannan wuri ina cewa a raina, ina ma aminina yana nan. Kai da ruwan da ka sani bai wuce Tiga da Bagauda ba, yaya zan kwatanta maka ruwan da ba a ganin ƙarshensa? Na sha ɗaukar hoto in turo maka, amma hoton waya kallo ɗaya ake yi masa a wuce.

Sai wata tafiya ta kai ni Kumasi, wani abokin sana'a ya ja ni Ntonso, wani gari mai tazarar kimanin kilomita 20 daga birnin. A nan Ashantawa suke buga zanen da suke kira adinkra. Malam, gani ya kori ji. Ɓallin ƙwarya mai kauri suke samu su sassaƙa alama a jikinsa, su kafa masa 'yan tsinke a baya su ɗaure, ya zama mariƙi. Tawadar kuwa ɓawon wani itace ne da suke kira badie, ana kawo musu shi daga arewacin ƙasar, su jiƙa, su daka, su yi ta dafawa har ruwan ya yi baƙi ya yi kauri kamar maɗi. Sai a shimfiɗa yadi a ƙasa, a ja layuka da wani abu mai kamar matsefi, a bi gida-gida ana tsoma hatimin ana dangwalawa. Sana'ar ta daɗe, don akwai wani zanen da wani Bature mai suna Bowdich ya tafi da shi daga Kumasi tun 1817, yana nan ajiye a gidan tarihi na Landan. Ina tsaye ina kallon hannun dattijon da ke bugawa, zuciyata tana Ƙofar Mata, inda muke raɓewa muna yara muna kallon marina suna tsamo zane kore shar daga karofi, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonmu. A hanyar dawowa na ƙudura cewa tekun nan da na kasa kwatanta maka, zan buga shi a yadi in aiko maka ka kwanta a kai.

To ga yadda ake yi, amarya ta saurara.

Farko tawada, don a nan na fara yin asara. Da na dawo, tawadar hatimin ofis na saya na buga rigunan filo 6, suka yi kyau, wanki ɗaya suka koma dabbare-dabbare. Abin ya ci mini rai, don yadin mai kyau ne. Ka tuna tawadarmu ta allo, gawayi da ƙaro? An yi ta ne don ta wanku. Ta ofis ma a kan yadi haka take. Har tawadar Ntonso, duk da kyanta, ba ta son ruwa, shi ya sa asalin adinkra ba a cika wanke shi ba. Kayan ɗaki kuwa kullum cikin wanki suke. Abin da za ta nema shi ne tawadar yadi, irin wadda masu buga rubutu a rigunan 'yan makaranta da na 'yan ƙwallo suke aiki da ita. Iri biyu ce a wurinsu. Ta ce a ba ta wadda ake wanke kayan aikinta da ruwa. Ɗayar mai danƙo kamar narkakkiyar roba sai da zafin inji take nuna, ba ta aikin gida ba ce.

Yadi ya zama na auduga zalla, alawayyo ko akoko mai santsi. Mai haɗin roba ba ya shan tawada, sai ta zauna a sama ta yi ta ɓarewa. Kuma dole a wanke sabon yadi a fitar da sitacin masaƙa, a shanya, a goge shi sumul kafin a sa masa hatimi. Wanda ya tsallake wannan, a kan sitaci ya yi bugunsa, ranar da sitacin ya fita tare za su tafi.

Hatimin kuwa, nan ne daɗin aikin yake. Na gwada ƙwarya, amma hannuna bai kai na mutanen Ntonso ba, tana tsagewa. Abin da ya karɓe ni tsohon silifa ne. Bakin ruwan Akara, in gaya maka gaskiya, ba duka ne yake da tsabta ba. Teku yana amayo leda da tsummokaran gwanjo da takalma, abin yana ɓata mini rai duk lokacin da na gani. A cikin wannan tarkacen nake tsintar silifa mai kauri, in wanke da sabulu, in goge fuskarsa da sanfefa ya yi laushi, in zana abin da nake so da biro, in bi da sabuwar reza ina cire duk inda ba na son tawada ta taɓa. Sai in manna shi a ɗan guntun katako ya zama mariƙi. A Kano ba sai ta je teku ba, silifa ko a bayan ɗaki akwai shi. Ta dai tuna abu guda: abin da ke dama a hatimi, hagu zai fito a yadi. A kwale-kwale wannan ba komai ba ne, amma in rubutu ne sai an sassaƙa shi a juye, a duba a madubi kafin a sa reza.

Kada ta tsoma hatimin cikin tawada. Ta zuba kaɗan a faranti, ta ɗauki guntun soson katifa ta dangwala, ta bi fuskar hatimin a hankali har ta rufu ba tare da ta cika ramukan ba. Tebur ya zama an shimfiɗa masa tsohon bargo, don hatimi yana son ɗan taushi a ƙarƙashi. In rigar filo ce ɗinkakkiya, a zura kwali a ciki don kada tawada ta ratsa ɗaya gefen. A ɗora hatimin sau ɗaya, a danna da tafin hannu daidai wa daida, a ƙirga 5, a ɗaga tsaye. Ban da murzawa, ban da jijjigawa. Kowane sabon hatimi a fara gwada shi a ƙyalle. Sannan ga wani abu da ya shafe ku ku kaɗai: mu nan iska tana da laima, tawada takan daɗe a faranti ba ta bushe ba, amma a hunturun Kano kafin ta juya ta yi ɓawo. Ta riƙa zuba kaɗan-kaɗan, ta rufe gwangwanin, ta yi aikin da sassafe a cikin ɗaki.

In an gama a bar shi kwana guda cur ya bushe a inuwa. Washegari a shimfiɗa wani farin ƙyalle a kai, a sa dutsen guga mai zafi sosai, ba yayyafa ruwa, a yi ta zagayawa minti 3 zuwa 5 a kowane wuri. Zafin nan shi ke ɗaure tawadar da zaren. Na gawayi ma yana yi, in dai ya ɗau zafi. Bayan haka a ɗan jinkirta wankin farko kamar mako guda, a juya bai a wanke da ruwan sanyi.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato me za a buga. A shagunan kayan zane na nan ana sayar da hatiman roba da aka shigo da su daga waje, masu lemar shan iska da kujerar kwanciya da tabarau. Ban taɓa sayen ko ɗaya ba. Wannan bakin tekun masu yawon buɗe ido ne, ni kuwa wanda na sani na masu neman abinci ne, inda mata suke jiran kwale-kwale da manyan kwanoni a ka, hayaƙin bandar kifi yana tashi. Shi ya sa hatimaina guda 5 ne kawai: kwale-kwale da tutarsa, igiyar ruwa, bishiyar kwakwa da iska ta karkatar, idon taru, da wuri, wato ɗan ƙwanson tekun nan da ake kuɗi da shi a da. Na taɓa sassaƙa kifi da ƙaguwa, sun kuma fito da kyau, amma mutanenmu na zango da yawa ba sa son surar mai rai a ɗakin da ake salla, ni ma hankalina ya fi kwanciya da barinsu. Ban ga abin da aikin ya rasa ba. Igiyar ruwa kaɗai, in aka jera ta layi-layi a gindin labule da shuɗi mai duhu, aka bi samanta da mai haske, iska na kaɗa labulen sai ka ga kamar ruwan ne ke motsi.

Wurin nan shi na fi ƙauna, kuma shi ne na buga a rigunan filon da kuka gani. Ka san kuɗin ƙasar nan sunansa sidi, tun 1965 suke kashe shi, kuma sunan daga kalmar mutanen Akan ta wuri ya samo asali. Mu ma ai da wuri kakanninmu suka yi ciniki a Kurmi, har yau muna cewa ba ni da ko wuri. Da shi da tufafin rini da kanwa fataken Gwanja suka riƙa zuwa Salaga suna ɗauko goro. Ka ga ɗan abin nan na teku ya riga ni zuwa Kano da ɗaruruwan shekaru, ya kuma san hanyar da ta kawo irinmu ƙasar nan. In na buga shi a yadi ba na jin baƙon abu nake kai muku. Sassaƙarsa ma ba wuya: siffar ƙwai, tsaga a tsakiya, 'yan haƙora a gefen tsagar. Da shi nake so amarya ta fara.

Ta kuma rage hannu wajen cika yadi. Sabon hannu yakan so ya buga ko'ina, alhali kwale-kwale ɗaya a kusurwar rigar filo da layin ruwa biyu a ƙarƙashinsa ya fi guda 20 a watse kyau. Launi biyu sun isa, shuɗi da ruwan ƙasa. In wani bugun ya fito da ɗan haske fiye da ɗan'uwansa kada ta damu ta sake dannawa a kai, sake dannawar ce ke ɓata shi. Hannu ne ya yi, kuma masu saye a nan wannan ɗan bambancin suke nema.

Nawa gudummawar na riga na fara: zanen gado 2 da rigunan filonsu, labulen ƙofa da na taga, zanen tebur, da 'yan tawul na kicin guda 6. Zan haɗa da hatimai 3 da na sassaƙa mata da kaina, da gwangwanin tawada shuɗiya, don ta samu abin fara gwaji. Ɗan'uwan nan namu mai kawo takalman fata zai taso ƙarshen wata in Allah Ya yarda, ta hannunsa za su iso.

Ni ma ina da roƙo. In ka samu sarari ka leƙa Ƙofar Mata ka sayo mini yadi 4 na rinin baba, shuɗi mai duhu wanda ba a yi masa ƙulli ba, kuma kada a kai shi mabuga, don sheƙin bugu zai hana tawada kamawa. Na samo farar tawada mai kauri, ina so in ga yadda farin kumfar teku zai zauna a kan shuɗin Kano. Tun watan jiya nake ta juya abin a raina, har na sassaƙa hatimin na ajiye yana jira.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gai da mai ɗakinka, da amarya, da mutanen majalisa kowa da kowa. Mai ɗakina tana gaishe ku, ta ce a gaya wa uwar amarya tana nan tafe biki ko da ni ban samu zuwa ba. In amarya ta buga na farko, ko a ƙyalle ne, a sako mini shi cikin yadin rinin in gani.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Nima