Tafiyar ƙarshen mako zuwa Brasiliya na neman raba ni da 'yata

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana. Ina sauraron shirinki ta intanet duk da nisan da ke tsakaninmu, don ni a ƙasar Burazil nake aure, a birnin Sao Paulo, kun riga mu da awa huɗu. Wallahi hannuna rawa yake yi da nake wannan rubutu. Maigidana ya ce zai sa ni a jirgi ya mayar da ni Kano, 'yata kuma a wurinsa za ta zauna. Yarinyar da ban daɗe da yaye ta ba, Anti, har yanzu ba ta barci sai ta riƙe bakin zanina.

Bari in fara gaya miki aikinsa don ki fahimci irin zaman da nake yi. Burazil ce kan gaba wajen fitar da kajin halal zuwa ƙasashen Larabawa, to shi yana cikin masu sa ido a mayanka, su tabbatar Musulmi ne ya yanka kuma ya yi bisimilla. Mayankar ba a Sao Paulo take ba, tana can jihar Parana, a kudu. In ya tafi sai ya yi makonni, in ya shiga ɗakin yanka kuma ba a shiga da waya. Ni ina nan a bene, ɗaki ciki da falo kusa da unguwar Bras inda ake kasuwar tufafi, daga ni sai yarinya. Yaren Fotugal ɗin ma daga gaisuwa sai ƙirgen kuɗi na iya. Watan Yuni zuwa Agusta nan lokacin sanyi ne, ga yayyafi jefi-jefi, wanki sai ya yi wari bai bushe ba. Da zai kawo ni cewa ya yi zan koma karatu. Har yau ko makarantar koyon yaren bai kai ni ba, kullum sai ya ce in ya dawo. Ya dawo ɗin ma barci ne da waya da 'yan gidansu.

Akwai wata baiwar Allah da muka haɗu a masallacin unguwar Pari, Bahaushiya ce 'yar zangon Kumasi, ta girme ni, tana sarin kaya tana aikawa Ghana. Ita ta zauna da ni a asibiti ranar da na haihu, lokacin shi yana Parana. Ina faɗin wannan ne saboda yanzu ya mayar da ita 'yar iska mai lalata matan mutane, alhali tuwonta ya sha ci, ya kuma sha cewa in riƙe ta kamar yayata. Ranar Juma'a da la'asar ta kira ni ta ce an yi rangwamen tikitin jirgi zuwa Brasiliya na safiyar Asabar, za ta je ganin ɗan'uwanta da ke karatu a jami'ar can, in shirya yarinya mu tafi mu dawo Lahadi da dare. Na kira shi, wayar a kashe. Na sake kira bayan magariba, haka. Na tura masa saƙo ta WhatsApp na ce ga inda za mu, ga wadda zan bi. Daga baya saƙon ya shiga, Anti, alamar nan biyu ta fito, ko da yake bai buɗe ba. Yanzu cewa yake na fita ba izini. Mutumin da sai ya kwana ya wuni bai tambayi ko mun ci abinci ba, ta yaya zan samu izininsa?

Kuma ba wata ƙasa na tsallaka ba. Brasiliya babban birnin ƙasar da muke zaune ne, ba a tambayar biza, daga filin jirgin Congonhas tafiyar ba ta cika awa biyu ba. Kamar a ce mace ta tashi daga Kano ta je Abuja ne. Garin ma irin Abujar ne, a daji aka zana shi aka gina, aka buɗe shi a 1960 zamanin shugaba Kubitschek, aka ɗauke gwamnati daga Rio de Janeiro. Ofishin jakadancin Najeriya ma a can yake, shi da kansa ya taɓa cewa wata rana zai kai ni.

Anti, da muka sauka na shaƙi iskar garin sai hawaye suka zubo min. Busasshiyar iska ce, leɓe na tsagewa, ƙasa ja wur, ciyawa duk ta bushe, sama fes ba gajimare ko ɗaya. Tunda na bar gida ban ji rana ta dake ni haka ba. Ga wasu itatuwa da suke kira ipe, ganyensu duk ya zube sai fure ruwan ɗorawa ya rufe su. Yarinyata da kullum take manne da taga ta samu fili tana ta gudu a gaban majalisar dokokinsu, ginin nan mai dogayen benaye biyu da wasu manyan abubuwa a gefe kamar ƙwarya biyu, ɗaya a kife ɗaya a buɗe. Mun yi sallar azahar a masallacin da ke Asa Norte. Da yamma muka je bakin tafkin Paranoa, wanda shi ma tare ruwa aka yi aka samar da shi, muka kalli gadar nan mai baka uku. Abin da na yi ke nan. A ɗaki ɗaya muka kwana da ita da yarinya, hijabina bai bar jikina ba in dai a waje muke.

To a bakin tafkin ne aka ɗauki hoton da ya jawo min wannan fitinar. Na manta ban ce miki ba, shi ɗan'uwan nata ne ya ari mota ya zaga da mu, don garin ba ya yawatuwa da ƙafa, tituna ne manya-manya kuma komai nesa da juna. Yaro ne, ƙanin bayana ne ma, Anti yake ce min. Ya ɗauki yarinya a kafaɗa, ni ina gefe, ita ƙawar tawa ta ɗauke mu har da ita a ciki ta sa a sitatus. Ban san yayar maigidana tana da lambarta ba. Wannan mata tun ranar da aka kai lefena ba ta ƙaunata, ita ta so ya auri 'yar ƙawarta. Ta yanke hoton yadda daga ni sai yaron sai 'yata, ta tura wa Hajiyarsu, ta tura zauren danginsu na WhatsApp, ta rubuta wai a zo a ga abin da ake yi da guminsa a ƙasar waje. Kafin jirginmu ya sauka Sao Paulo daren Lahadi magana ta kai kunnen Babanmu.

Ranar Litinin sai ga shi ya dawo, mutumin da in na ce yarinya ba lafiya yake cewa ba a ba shi hutu ba. Bai amsa sannu da zuwana ba. Na kawo abinci ya ture. Na ce, "Abban yarinya, ka zauna in nuna maka hoton gaba ɗayansa." Ya ce ba ya buƙata, ya ga abin da zai gani. Ya buɗe durowa ya kwashe fasfo ɗina da katin zamana da takardar haihuwar yarinya ya zuba a jakarsa. Sai maganar kuɗi ta taso. Eh, cikin kuɗin da ya bari na haya na cira na sayi tikitin, amma wata bai ƙare ba, kuma ina da kuɗin turaren wuta da nake bin matan masallaci, da su zan mayar. Shi da yake tura wa yayar tasa kuɗi duk wata har ta canza kujeru, ban taɓa buɗe baki ba. Yanzu ya gaya wa Babanmu wai na saci kuɗin haya na bi namiji wani gari. Babanmu mai hawan jini ne. Ya kira ni muryarsa na rawa ya ce, "Ashe abin da za ki saka mana da shi ke nan?" Ya kashe wayar. Umma kuma ba abin da take cewa sai in yi haƙuri in durƙusa in ba shi haƙuri, mace ba ta ja da miji. Na ba shi haƙurin, Anti, har ƙafarsa na riƙe, ba don na yarda da ƙazafin da aka yi min ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar yarinya. A nan aka haife ta, duk wanda aka haifa a ƙasar nan kuma ɗan ƙasa ne. Dokarsu ta ce yaro ɗan ƙasa ba ya fita waje da uwa kaɗai ko uba kaɗai sai da rubutaccen izinin ɗayan, 'yan sandan tarayya suna dubawa a filin jirgi. Ya san wannan sarai, shi ya sa ya ce ba zai sa hannu ba, ni in tafi ita ta zauna. Wa zai riƙe ta in yana Parana? Ƙawar tawa ta ce uwar ɗan ƙasa tana da haƙƙin zama ko babu miji, kuma riƙe min fasfo da ya yi laifi ne, akwai ofishin 'yan sanda na mata zalla, in na yarda za ta raka ni. Amma in na kai uban 'yata gaban hukuma a ƙasar da ba ta Musulmi ba, da wane ido zan kalli Babanmu? Auren kuma ya mutu ke nan, ni kuwa har yanzu bai furta saki ba, ko da yake a falo yake kwana. Na yi tunanin samun limamin masallacinmu, sai dai abokinsa ne, tare suke shan shayi.

Anti, ki tambayar min malaman da kike gayyata, saƙon da na tura masa bai zama sanarwa ba tunda ba shi da hanyar da zan same shi? Kuma ita yayar tasa da ta yanke hoto ta ɓata min suna a dangi, ba ta da hukunci, sai ni kaɗai? Ina so in tura cikakken hoton zauren nasu kowa ya gani, Umma ta ce kada in kuskura. Jibi zai koma wurin aiki, na ji shi a waya yana tambayar kuɗin tikitin Legas na mutum ɗaya. In bar shi ya tafi da takardun namu, ko in bi ƙawata ofishin nan kafin ya tafi? Don Allah ki karanta wasiƙata a shirin wannan makon.

Taki,
Wata baiwar Allah daga Sao Paulo